Zagayen Akropolis da jagora: abin da na biya da abin da na samu

Mahaifina magini ne, Allah ya jiƙansa, ni ma kuma da harkar gini nake ci. Shi ya sa da taron aiki ya kai ni Atina, babban birnin Girka, a watan Mayun da ya wuce, na ƙudurta ba zan dawo gida ban ga Fartenon, tsohon ginin marmara da ke kan tudun Akropolis, da idona ba. Tun muna makaranta ake nuna mana hotonsa. Kwana ɗaya da rabi ya rage mana bayan an tashi taro, ni da wani dattijo abokin aikina da nake kira Baba Alhaji, sai na shiga intanet na biya mana kuɗin zagaye da jagora a wajen wani kamfanin yawon buɗe ido. Abin da suka rubuta a tallarsu: awa biyar, ƙaramar tawaga, tudun Akropolis, gidan tarihinsa, sannan tsohuwar kasuwar birnin da ake kira Agora.

In faɗi hukuncina tun da wuri. Matar da ta jagorance mu ta cancanci kowane kwabo da na biya, har da ƙari. Kamfanin da ya ɗauke ta aiki kuwa bai cika alkawari ba.

An ce mu hallara ƙarfe bakwai da rabi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Akropoli. Mun je a kan lokaci, muka tarar “ƙaramar tawagar” ta kusa mutum talatin. Aka yi ta jiran wasu da suka makara, aka raba mana na'urar saƙalawa a kunne don jin muryar jagora, tawa tana ta ƙara kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, sai da aka canza mini. Kusan minti arba'in suka tafi a haka. Wannan jinkiri ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙarfe takwas ake buɗe ƙofa, kuma tun 2023 hukuma ta ƙayyade mutum 20,000 a rana, kowa da sa'ar shigarsa a jikin tikiti. Wanda ya shiga da farko shi ke samun sanyin safiya da sarari. Mu kuwa mun shiga tare da ayarin mutanen manyan jiragen ruwa. Tikitin shiga tudun kaɗai yuro 30 ne, kuma kuɗin da kamfanin ya karɓa bai haɗa da shi ba, abin da suka rubuta da ƙananan haruffa can ƙasan shafi.

Ta gefen kudu muka hau. Jagorar, mace ce mai matsakaicin shekaru da katin lasisinta rataye a wuya (a Girka sai mai lasisi ke da izinin yi wa mutane bayani a cikin wuraren tarihi), ta tsayar da mu a dandalin wasan kwaikwayo na Diyonisos, inda aka sassaƙa kujerun manya na sahun gaba da marmara. Ba mu daɗe ba. Muka wuce ɗakin kiɗa na Herodes Atikus wanda aka gina a 161 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), a wannan zamanin ma an sha yin taro a cikinsa. Daga nan hawa ya miƙe. Tudun ya kai kimanin mita 150 sama da teku, kuma dutsen da ake takawa ƙafafun mutane sun goge shi har yana sheƙi, santsi gare shi kamar an shafa sabulu. Baba Alhaji yana fama da gwiwa. Tallar kamfanin ta ce tafiya ce mai sauƙi, ba ta ce komai a kan wannan ba. Jagorar ce ta lura da yadda yake ɗingishi, ta rage sauri ba tare da ta nuna shi ba, ta riƙa zaɓar wuraren tsayawa masu inuwa da abin jingina. Da muka kai matakalar babbar ƙofa ya riƙe kafaɗata ya ce, “Injiniya, ka bar ni in huta, ku je ku dawo.” Ta ji, ta ce a'a, saura kaɗan, ai abin da ya kawo shi yana bayan ginshiƙan nan. Ya daure.

Gani ya kori ji. Ana fita daga ƙofar sai ga Fartenon a hannun dama, ya fi yadda nake zato girma, launinsa kamar zuma, ba fari fat ba irin na hoto. Akwai ƙarafan hawa na masu gyara da injin ɗaga kaya a jikinsa, amma ba su rage masa kwarjini ba.

Ta ba mu lissafin a taƙaice. An fara ginin a 447 kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin shugabancin Ferikilis, aka gama jikinsa a 438, sassaƙe-sassaƙen kuma a 432. Iktinos da Kalikratis suka zana shi, Fidiyas ya kula da aikin sassaƙa. Tsawonsa kusan mita 70, faɗinsa kusan 31, ginshiƙai 46 suka kewaye shi, takwas a gaba, goma sha bakwai a gefe, kowanne ya haura mita goma. Daga dutsen Fenteli aka sasso marmarar, nisan kilomita 16 ko kusa da haka, a kan amalanken shanu. Duk wannan yana cikin littafi, na kuma san yawancinsa. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da zai sa in ce a ɗauki jagora.

Ta kai mu kusurwar ginin, daga bayan igiyar da ta tsare mutane, ta ce duk mai iya durƙusawa ya durƙusa ya sa idonsa daidai da matakalar sama ya bi ta da kallo har ƙarshe. Na durƙusa. Matakalar ba miƙaƙƙiya ba ce. Tana tasowa a hankali zuwa tsakiya sannan ta sauka, kamar bayan kifi. A dogon gefen, tsakiyar ta fi kusurwoyi tudu da kimanin santimita 11, cikin mita saba'in. Ginshiƙan kuma ba a tsaye suke cak ba, duk sun ɗan karkata ciki, kowanne yana da ɗan ciki a tsakiyarsa, na kusurwa sun fi sauran kauri kaɗan. Wanda ya taɓa tsayawa a kan aiki ya san ma'anar wannan: babu dutse biyu da ke da awo ɗaya, kowane guda sai an sassaƙa shi don gurbinsa shi kaɗai. Mu da muke da na'urar awo mai haske da kwamfuta, sau nawa muke rushe bulo saboda layi ya kauce? Su da igiya da ma'auni da guduma suka yi, cikin shekara tara. Na daɗe a durƙushe a wurin, na tuna mahaifina yana rufe ido ɗaya yana duban katanga.

Na tambaye ta da me suka haɗa duwatsun, tunda ban ga alamar kwaɓi ba. Ta ce babu kwaɓi ko kaɗan. Ana goge fuskokin duwatsun har su manne, ginshiƙi kuma gunduwa-gunduwa ne aka ɗora, da ɗan katako a tsakiya mai daidaita su. Tubalan bango ana ɗaure su da maƙalan ƙarfe, sai a narka dalma a zuba a kewaye ƙarfen don kada ruwa ya taɓa shi, kuma dalmar tana ba ginin damar ɗan motsi in ƙasa ta girgiza. Sai ta nuna mana wata tsaga mai jan tabo a jikin wani dutse. A farkon ƙarni na ashirin, masu gyara sun sa ƙarfe ba tare da wannan kariya ba, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya farfasa marmarar da ta shekara fiye da dubu biyu lafiya. Aikin gyaran da aka fara a 1975, har yau ba a gama ba, babban ɓangarensa cire wancan ƙarfe ne a sa titaniyom wanda ba ya tsatsa. Fararen facin da ake gani a jikin ginshiƙai sabuwar marmara ce daga dutsen Fenteli ɗin dai. Wannan bayani shi kaɗai ya biya ni. Rodin da ya yi tsatsa a cikin kankare ciwo ne da nake gani kullum.

Abin da ya ƙara mata daraja a idona shi ne ba ta yi wa kakanninta kwalliya ba. Wani Ba'amurke a tawagar ya ce wannan gini shaida ce ta 'yanci, sai ta ce masa, cikin ladabi, a ƙara da sauran labarin. Bayan Farisawa sun ƙone tudun a 480 kafin haihuwar Annabi Isa, biranen Girka sun haɗa ƙawance suna tara kuɗin tsaro a tsibirin Delos. A 454 Atina ta kwashe baitulmalin ta dawo da shi gida, kuma tun a lokacin abokan hamayyar Ferikilis suna zarginsa da ƙawata birni da kuɗin ƙawaye. Arzikin Atina kuma ya dogara sosai da ramukan azurfa na Lauriyon, inda dubban bayi ke haƙa. Ta ce akwai lissafin kuɗin ginin Erekteyon, ɗakin da ke kusa, wanda aka rubuta a kan dutse kuma ya tsira: yana nuna 'yan gari da baƙi mazauna da bayi suna aiki kafaɗa da kafaɗa, ladan yini dirakma ɗaya, sai dai na bawa hannun ubangijinsa yake shiga. Baba Alhaji ya ce, “Ashe dirhami daga nan ya samo suna.” Haka ne kuwa.

Ni na ɗauko zancen masallaci, don na taɓa karanta shi. Ba ta kauce ba. Fartenon ɗakin gunkiyar Atena, abar bautar birnin, ne da farko, a cikinsa akwai mutum-mutuminta na zinariya da hauren giwa mai tsayin kusan mita goma sha biyu, wanda ya ɓace tun da daɗewa. Daga baya ya zama cocin Maryamu na ɗaruruwan shekaru. Da Turkawa suka karɓi tudun a 1458 sai aka mayar da shi masallaci, hasumiyar ƙararrawa ta zama ta kiran salla, gindinta yana nan har yanzu a kusurwar kudu maso yamma. Duk tsawon wannan zamani ginin yana tsaye da rufinsa. A ranar 26 ga Satumba 1687 ne sojojin Benis (Venice, a Italiya ta yau) ƙarƙashin Morosini, da suka yi wa tudun ƙawanya, suka harba igwa ta faɗa kan albarushin da Turkawa suka ajiye a ciki. Tsakiyar ginin ta tarwatse, mutane kimanin 300 suka mutu. Morosini ya so ya sauko da dawakan da aka sassaƙa a goshin yamma ya tafi da su, igiya ta tsinke suka faɗo suka farfashe. Ta faɗi laifin wanda ya ajiye albarushi da na wanda ya harba, ba ta ɗora wa ɓangare ɗaya ba. Na ji daɗin wannan adalci ƙwarai.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce kafin mu sauko, rana ta fara cizo. Babu inuwa a saman tudun, ruwa kaɗai ake bari a shiga da shi, masu gadi kuma suna hura usur da zarar wani ya kai hannu jikin dutse.

Gidan tarihin Akropolis yana ƙasan tudun, tafiyar 'yan mintuna. An buɗe shi a watan Yunin 2009, kuma a matsayina na mai gini na yaba da shi: an ɗaga shi a kan ginshiƙai saboda a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar unguwa da aka tono, ana tafiya a kan gilashi ana ganin rijiyoyi da magudanan ruwa da ɗakunan wanka a ƙasa. Ga sanyi, ga wurin zama, Baba Alhaji ya samu sa'ida. Gargaɗi ɗaya ga mai zuwa da iyali: da yawa daga mutum-mutumin maza tsirara suke, haka al'adarsu ta sassaƙa take, gara mutum ya sani tun kafin ya shiga.

A bene na farko ta tsayar da mu gaban mutum-mutumin wata budurwa ta ce mu matso mu dubi gashinta. Akwai saurin jan fenti a jiki. Ashe farin da muka saba gani ba haka Girkawa suka bar kayansu ba, fenti suke yi musu, ja da shuɗi da kore, Fartenon kansa yana da launi a samansa. Waɗannan sun riƙe fentinsu ne saboda bayan ɓarnar Farisawa mutanen Atina sun binne su a kan tudun, sai a shekarun 1880 aka tono su. Sannan mutum-mutumin 'yan mata masu ɗauke da rufi a ka a madadin ginshiƙai, na barandar Erekteyon. Waɗanda muka gani a sama kwafi ne, na ainihin suna nan. Ta zagaya da mu bayansu ta nuna kitson da ya sauko kan wuya, mai kauri, kowace da irin nata. Wuya shi ne wuri mafi rauni a irin wannan ginshiƙi, sai masassaƙin ya ƙara masa ƙarfi da gashi. Ado ne kuma tokari ne. Shida ne asalinsu. Biyar ke tsaye, an bar gurbin ta shida babu kowa, tana Landan.

Bene na sama shi ne zuciyar gidan. An yi shi da gilashi, daidai fuskantar Fartenon, ana hango ainihin ginin ta taga. An jera zanen sassaƙa mai tsawon mita 160 da ya kewaye ɗakin ciki, yadda yake a da: mahaya dawaki, shanun yanka, samari ɗauke da tuluna, jerin gwanon bikin Atena. Guntayen asali launin zuma ne, waɗanda babu kuma an cike gurbinsu da farin kwafi. Fararen sun yi yawa. Daga 1801 ma'aikatan Lord Elgin, jakadan Birtaniya a Istanbul, suka fara ɓamɓare na asalin, har da yanka bayan duwatsun da zarto don su yi sauƙin ɗauka, a 1816 ya sayar wa gwamnatinsa a kan fam 35,000. Kimanin mita 75 na zanen suna gidan tarihin Birtaniya, kimanin 50 suna Atina. Akwai wurin da gaban doki yake nan, bayansa yana can. A nan kaɗai na ji muryarta ta canza. Ta kawo hujjar Ingila, cewa Elgin ya samu izinin hukumar Turkawa, ta kawo amsar Girka, ta ce fadar Fafaroma ta dawo da guntaye uku a 2023. Ni dai ina tare da Girkawa a wannan magana, kuma ba sai an yi wa ɗan Najeriya dogon bayani ba, tagullar Benin da aka kwashe a 1897 da yawansu a gini ɗaya suke da waɗannan duwatsu.

Muna fitowa ta duba agogo ta ba mu haƙuri. Kamfanin ya sa mata wata tawagar ƙarfe ɗaya, Agora ba za ta samu ba. Kashi ɗaya cikin uku na abin da na biya ke nan. Na rubuta musu a daren, amsar da ta zo ita ce tsarin tafiya yana iya canzawa, babu maganar mayar da ko sisi. Wannan bai dace ba, kuma jinkirin safiya da cunkoson tawaga su suka jawo. Ita kuwa, kafin ta tafi, ta karɓi takardar tikitina ta rubuta abubuwa uku a baya, ta ce in na je Agora kada in fito ban gan su ba.

Washegari da sassafe na je ni kaɗai, Baba Alhaji ya zauna yana jinyar gwiwa. A dogon zauren Atalos, wanda aka sake ginawa a shekarun 1950 ya zama gidan tarihi, na nemo ukun. Na farko wani allon dutse mai layukan ƙananan ramuka. Kowane ɗan gari yana soka ɗan katinsa na tagulla, a zuba ƙwallaye farare da baƙaƙe ta wani bututu a gefe, layin da fari ya faɗo masa su ne alƙalan ranar. Ba wanda ya san wa zai yi shari'a sai da safe, balle a kai masa toshiyar baki. Na biyu kasko ne mai ɗan rami a gindi, agogon ruwa na kotu, yana tsiyayewa cikin kusan minti shida, ruwa ya ƙare magana ta ƙare. Na uku tsingaro. Sau ɗaya a shekara, in jama'a sun so, kowa yana rubuta sunan wanda yake ganin ya yi ƙarfi da yawa a kan fasasshen tukunya, wanda ya fi yawan ƙuri'a ya bar gari shekara goma, ba a taɓa dukiyarsa. Na ga sunan Temistokilis a jikinsu, mutumin da ya gina rundunar jiragen da ta ci Farisa a Salamis, shi ma bai tsira ba. An ma tono guda 190 masu sunansa a wata rijiya, masana suka gano hannu goma sha huɗu ne kacal suka rubuta su, wato an shirya su ne don rabawa. Wannan mulkin jama'a da Kilistenis ya kafa wajen 508 kafin haihuwar Annabi Isa na maza 'ya'yan gari ne kawai, ban da mata, ban da bayi, ban da baƙi, kuma kotunsa ce ta yanke wa masanin falsafa Sukurat hukuncin shan guba a 399. Na zagaya filin ina karanta alluna, na fahimci abin da na fahimta, amma sau da yawa na tsaya gaban tushen wani gini ina jin da tana nan da ta nuna mini inda zan sa ido.

Ga mai niyyar zuwa: ya nemi jagora mai lasisi, ya tambayi adadin mutanen tawaga a rubuce, ya tambaya ko tikiti yana ciki, ya zaɓi shigar ƙarfe takwas, ya sa takalmi mai kama ƙasa. In da dattijo ko mai ciwon ƙafa, akwai na'urar hawa a gefen arewa don masu lalura, a yi tambaya a kanta tun kafin ranar, kamfaninmu bai ko ambata ta ba. A kula da abinci, yawancin tsiren da ake sayarwa a unguwannin Filaka da Monastiraki naman alade ne, sai an tambaya. Mu kifi muka ci da burodi mai riɗi da wani fanke mai alayyafo da cuku. Tsoffin masallatan Turkawa biyu da ke wajen ba a salla a cikinsu yanzu, masallacin da gwamnati ta buɗe a 2020 yana unguwar Botanikos, da ɗan nisa, don haka a masauki muka yi sallolinmu.

Daga Agora, kafin in tafi ɗaukar kaya, na ɗaga kai na dubi katangar arewa ta Akropolis, don ta ce in duba. Ga gunduwoyin ginshiƙai a jere a cikin katangar, manya-manya, ba a gama sassaƙa su ba. Na tsohon Fartenon ne, wanda ake cikin ginawa Farisawa suka ƙone. Mutanen Atina suka ɗauke su suka gina su a inda duk wanda ya shigo kasuwa zai gan su. Na ɗauki hoto na kai wa Baba Alhaji, ya sa tabarau ya daɗe yana ƙirga su da yatsa.